Ciwon Haƙorin Halimat

Haƙoran Halimat talatin da biyu ne, farare tas, babu mai rami, babu mai girgiɗi. Amma duk ranar Talata da hantsi, in ka tambayi kowa a layinsu na Gwarimpa ina matar Mataimakin Darakta ta tafi, zai ce maka tana wajen likitan haƙori. Mijinta Tawfiq ne ya tsara haka, kuma shi mutum ne mai tsari.

Shekarun nan ne da farar hula ke mulki, gangar mai ta haura dala ɗari, benaye suna tsirowa a Abuja kamar ciyawa a damina. Ma'aikatun tarayya ba su da aiki sai taron bita. Tawfiq, mai digiri na biyu daga Ingila, ya halarci bita kan lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata har sau biyu, ya dawo da hula da biro da jaka. A jikin jakar an rubuta da Turanci cewa a saurari mai damuwa. A cikinta yake zuba fayilolinsa. Ƙa'idojin aikin gwamnati kuwa ya haddace su kamar karatun allo. Bara ya tashi wani babban jami'i daga kwamiti, saboda wanda sunansa ke cikin koke ba ya zama inda ake sauraron koken, kuma ya ba da wannan labari a teburin cin abinci ya fi sau ashirin.

Wata bakwai ke nan da Halimat ta haifi 'ya mace. Tawfiq da bakinsa ya raɗa mata suna a kunne, Kauthar. Ta kwana huɗu a duniya, a na biyar aka kai ta makwancinta. Tun ranar ba a sake furta sunan a gidan ba, sai dai a ce "abin da ya faru a watan Nuwamba." Umma, mahaifiyar Tawfiq da ke zaune tare da su, ta tattara kayan jaririyar kaf ta bayar tun kafin Halimat ta fito daga wanka. Abu ɗaya ne ya rage, ragon suna, don rago ba ya shiga jaka.

Yana nan ɗaure a bayan gida, fari mai baƙin wuya, yana cin dusa yana ƙiba. Halimat kuwa tana ramewa. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya koma kamar yashi a bakinta. Da safe in Tawfiq ya fita, sai ta kifa bokiti ta zauna gaban ragon ta yi ta ba shi labari. Rago yana da hali ɗaya da babu mai irinsa a gidan: yana tuƙa, yana kallonta, bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba.

Umma ta hango ta ta tagar kicin, ta tafa hannu.

"Shi ke nan, sun shige ta. Darakta, matarka hira take da dabba."

"Umma, gajiya ce kawai."

"Gajiyar me? Ni uku na binne, washegari na ɗora tukunya. Ku 'yan boko baƙin ciki ma sai kun kai shi asibiti."

Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Halimat ta sha, ta kuma ji daɗin addu'ar. Amma duk lokacin da ta buɗe baki ta ce "yarinyar nan", sai a tare ta da "kul, kada ki yi saɓo," kamar addini ne ya hana uwa hawaye.

Likitar da ta karɓi haihuwar ce ta ga yadda ta koma, ta rubuta mata takarda zuwa wajen Dakta Magdalena Yamusa, mai sauraron masu ciwon damuwa, a saman wani bene a Wuse. Tawfiq ya yarda, bisa sharuɗɗa uku. Za a ajiye mota can nesa, gaban wani banki. Za a ce wa mutane haƙori ne. Kuma shi zai zauna a ciki.

"Madam, sunana yana jerin ƙarin girma," in ji shi. "A ce matar Darakta tana ganin likitan mahaukata? Sai labari ya riga ni hawa lif."

Dakta Magdalena 'yar Jiwa ce, dattijuwa, gajeriya, tabarau na rataye a wuyanta. A ɗakinta kujeru biyu ne kawai, tata da ta mara lafiya. Tawfiq ya zauna a ta mara lafiyar, sai da aka shigo wa Halimat da ta roba.

"Halimat, yaya barci?" in ji Dakta.

"Alhamdulillahi, yana samuwa," in ji Tawfiq.

"Oga, kai ne Halimat?"

"Mijinta ne. Gado ɗaya muke kwana, in ba ta barci ai zan sani."

"Kai kana barci?"

"Sosai. Ko ganga aka kaɗa ba na ji."

"To wa yake lissafa maka nata?"

Tawfiq ya gyara hula. Dakta ta juya ga Halimat. "Abinci fa?"

"Babu abin da babu a gidan," in ji Tawfiq. "Firiza biyu."

"Oga, don Allah ka ba mu wuri, minti arba'in kawai. Akwai benci a waje."

"Dakta, tsakanin miji da mata babu sirri. In akwai maganar da ba za a yi a gabana ba, to ba ma buƙatarta. Madam, tashi mu tafi."

Halimat ba ta tashi ba. Ta dai ɗago ido ta kalli likitar. Dakta ta fahimci in ta ja, ba za ta sake ganin matar nan ba, sai ta sassauta. Ta miƙa wa Halimat ƙaramin littafi mai shuɗin bango.

"Kullum ki rubuta abin da kike ji. Ko layi ɗaya ne. Yadda ya zo, haka za ki sa shi."

Halimat ta rubuta. Ranar Lahadi Tawfiq ya tsinci littafin a ƙarƙashin filo, ya karanta, ya girgiza kai irin na wanda ƙaramin ma'aikaci ya kawo wa aikin kunya. Ya zaro jan biro.

Inda ta ce, "Yau ji na yi kamar an kifa mini turmi a ƙirji," ya gyara zuwa, "An samu ɗan nauyi a ƙirji, ana kan bincike." Inda ta ce, "Na ji kukan jariri a maƙwabta, na shiga banɗaki na toshe bakina da tawul," ya mayar da shi, "An lura da hayaniya daga maƙwabta." Inda ta rubuta sunan yarinyar, ya ja layi biyu a kai.

"Yallaɓai, littafina ne," in ji ta.

"Shi ya sa nake taimaka miki. Ba a kai wa ƙwararre ɗanyen rubutu."

Ya buɗe fayil, ya liƙa masa suna da lamba, ya buga rahoton a kwamfuta, ya sa wa kowane shafi lamba da jan biro. Daga nan kowace Talata sai ya miƙe tsaye a ɗakin likita, ya yi gyaran murya, ya karanta rahoton mako da muryar da yake karanta takarda gaban Babban Sakatare. A mako na uku har da zane, layi yana hawa sama, wai walwalar mara lafiya.

"Oga, wannan layin daga ina ka samo shi?" in ji Dakta.

"Daga lura ta yau da kullum."

"Halimat, haka ne?"

"Haka ne," in ji Tawfiq.

A gida kuwa haƙori ya zama aiki. Umma ce ta fi kowa yaɗa shi, har da ƙari, wai dasashi ya kumbura. Mata suka yi ta zuwa dubiya. Wannan ta kawo kanumfari, waccan ta kawo asuwaki, wata ta ce a kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. In baƙi suka shigo, Tawfiq yakan yi wa Halimat alama ta dafe kunci. An tsayar cewa hagu ne. Wata rana ta manta ta dafe dama.

"A'a, ba hagu ba ne?" in ji Maman Divine, maƙwabciyarsu mai shagon kayan miya a bakin get.

"Ya koma," in ji Tawfiq da sauri. "Yawo yake."

"Talata huɗu! Madam, haƙori nawa gare ki? Ni wanzami a Jikwoyi ya cire mini nawa kafin in gama bismillarku."

Aka yi dariya. Halimat ma ta yi yaƙe, hannunta a kunci.

Layin Tawfiq yana hawa, Halimat tana sauka. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya da rabi ya koma zagaye ta sau biyu. Ta bar tukunya a kan gas har gindinta ya huje. Rannan ta je kanti sayen sabulu, ta tsaya gaban kantar kayan jarirai ba ta motsa ba, har mai gadi ya zo ya tambaye ta ko lafiya. Ta daina rubutu a littafin, don ta gaji da ganin jan biro a kan hawayenta. Tawfiq ya shigar da wannan a rahoto: "Koke-koke sun ragu matuƙa."

Kuma babu wanda ya taɓa ɗaga mata hannu a gidan, babu wanda ya zage ta. Ga mota, ga janareta, ga firiza biyu. Irin zaluncin nan ne mai wanka da turare, wanda in ka kai ƙararsa za a tambaye ka me aka hana ka. Magana aka hana ta, ita kuwa magana ba ta barin tabo a jiki.

Ranar Alhamis takardar ƙarin girma ta fito. Washegari da safe, suna karin kumallo, waya a kunnen Tawfiq, masu taya murna sun hana shi shan shayi. Tsakanin kira da kira ya sanar da shawarwari biyu.

"Umma, Asabar ta sama za a yi walima. A yanka ragon nan, ya isa haka cin dusa."

"Dama na gaji da kukansa," in ji Umma.

"Sannan Madam, Talata mai zuwa ita ce ta shida. An samu ci gaba kashi tamanin. Zan rufe fayil."

Cokali ya faɗi daga hannun Halimat. Talata biyar ta yi tana hawa benen nan, ba ta furta kalma goma ba, amma a can ne kawai ake kallon fuskarta in an yi tambaya. Yanzu za a rufe can, a yanka na bayan gida.

"Yallaɓai, ina da magana."

Waya ta sake ƙara. Ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake yi wa ƙananan ma'aikata a bakin lif.

"Madam, ki rubuto. Duk abin da ba a rubuce yake ba, ba a yi shi ba. Alo? Na gode, ranka ya daɗe, ikon Allah ne!"

Halimat ta fita bayan gida ta zauna a kan bokitinta. Ragon ya miƙo baki yana shinshinar gefen mayafinta.

"Ka ji, ko?" ta ce masa. "Ya ce in rubuto."

Abin da Tawfiq ya manta shi ne, kafin ta ɗauki hutun haihuwa, Halimat ma'aikaciya ce a mataki na tara a wata hukumar tarayya. Shekara shida tana tsara wa manya takardu. Ranar Litinin da ya fita, ta shiga ɗakin karatunsa ta kunna kwamfuta. Shafi ɗaya ta buga. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta huda kusurwa, ta zura shi a igiyar fayil a saman rahotonsa na rufewa. Ta ɗauki jan bironsa ta rubuta masa lamba goma sha huɗu, ta zagaye.

Ranar Talata Tawfiq ya sha babbar riga. Ya miƙe a ɗakin likita, ya yi gyaran murya, ya buɗe fayil.

"Dakta, yau za mu kammala. Shafi na goma sha huɗu. Takardar koke. Daga Halimat Tawfiq, zuwa ga Abban Kauthar."

Ya tsaya. Amma sunan ya riga ya fita, da muryarsa, da ƙarfi, har ya bugi bango ya dawo.

Dakta Magdalena ta ɗora tabarau a hanci. "Ci gaba, Oga. Muna ji."

Shekara ashirin da biyu yana aiki, bai taɓa barin shafi a rabi ba. Ya ci gaba, muryar tana raguwa layi bayan layi.

"Ɗaya. Ina tunatar da Yallaɓai cewa shi ya raɗa wa 'yarmu suna, a kunnen dama, yana kuka. Sunanta Kauthar, ba abin da ya faru ba. Biyu. Shafi na ɗaya zuwa na goma sha uku ba maganata ba ce. Ba na barci. Ba na cin abinci. Haƙorina lafiya lau. Uku. Ragon da ke bayan gida nata ne, shi kaɗai aka bar mini."

Ya sauka layi na gaba.

"Don haka ina roƙo. Na farko, kada a rufe fayil, kuma a bar ni da likita ni kaɗai. Na biyu, in za a yanka ragon, a yanka shi sadaka da sunanta, ban da walima. Na uku, a daina cewa haƙori. A ƙarshe ina jawo hankalin Yallaɓai ga ƙa'idar da ya fi kowa sani, cewa wanda sunansa ke cikin koke ba ya zama inda ake sauraron koken."

Ya ɗago kai daga fayil ɗin.

"Dakta," in ji Tawfiq, "wannan takarda ba ta biyo hanya ba."

"Tana da lambar shafi?"

"Tana da ita."

"An sa hannu?"

"An sa."

"Kwanan wata fa?"

Ya duba ƙasa, da fatan a ce an manta. Ba a manta ba.

"To Oga, ni ban san aikin gwamnati ba, kai ne Darakta. Sunanka yana ciki?"

Tawfiq ya kalli matarsa. Da alama tun watan Nuwamba bai kalle ta sosai ba, don ya daɗe yana kallon wuyanta da ƙasusuwan da suka fito. Ya rufe fayil, ya rungume shi a ƙirji, ya tattara babbar rigarsa ya fita.

Ƙofar ba ta rufu duka ba. Halimat tana jin bencin waje ya yi ƙara, sai kuma wata murya da ta sani, ta Malam Maharazu na sashen shari'a a ma'aikatar mijinta.

"A'a, sabon Darakta! Me ake yi a nan?"

"Haƙori," in ji Tawfiq. "Madam. Kai fa?"

"Wallahi haƙori. Madam."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Yawa yake yi a garin nan."

A duk benen, daga ƙasa har sama, babu likitan haƙori ko ɗaya.

Dariya ta ƙwace wa Halimat, ta farko a wata bakwai. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, ba ta san inda dariyar ta ƙare kuka ya soma ba. Dakta ta tashi ta tura ƙofar ta rufu, ta nuna mata kujerar mara lafiya. Halimat ta bar ta roba ta koma can. Babu wanda ya ce ta yi haƙuri.

"To Halimat," in ji Dakta bayan an jima. "Kauthar, da wa ta yi kama?"

"Kunnuwansa ta ɗauko," in ji Halimat tana share hanci. "Manya, kamar faifai. Na ce wa nas, yarinyar nan za ta sha tsokana a makaranta."

Ta yi magana minti arba'in, ba jan biro.

A mota, can gaban banki, Tawfiq ya miƙo mata fayil ɗin ba tare da ya dube ta ba. Idanunsa sun yi ja, ya ce ƙura ce, alhali ruwan sama aka kwana ana yi. Fayil ba ya barin hannunsa babu sharhi, don haka ya yi sharhi a gefen shafin. Gaban roƙo na farko: "An amince." Gaban na biyu: "An amince," biron ya danna har ya huda takardar. Gaban na uku kuwa ya rubuta, "A ajiye, za a duba nan gaba."

Haka muke. Mutum zai yarda ya zauna a benci, zai yarda ya ba da rago, amma ba zai yarda maƙwabci ya ji cewa zuciya ma tana ciwo a gidansa ba. Mun je Ingila mun dawo, mun cika jaka da takardun bita, amma sai mace ta huda kusurwar takarda ta sa lamba kafin mijinta ya ji cewa 'yarta ta mutu. Wadda ba ta taɓa aikin ofis ba fa? Wadda ba ta da ko rago? Suna nan a Maitama, suna nan a Jikwoyi, kowacce da hannu a kunci, tana ƙoƙarin tuna hagu aka ce ko dama.

Da suka iso get, Maman Divine tana zuba tumatir a faranti. Ta leƙo ta tagar motar.

"Madam, sannu. Yaya haƙorin?"

Tawfiq ya buɗe baki. Halimat ta riga shi, don shekara shida a ofis sun koya mata abin da "nan gaba" take nufi.

"Haƙorina lafiya, Maman Divine. Baƙin ciki ne ya kwantar da ni, likitarsa nake gani. Tun rasuwar 'yata. Sunanta Kauthar."

Maman Divine ta ajiye farantin. Ta goge hannu a zani, ta zuro shi ta taga ta kama na Halimat.

"Kauthar," ta ce. "Ashe tana da suna mai daɗi haka, mako shida muna ta kawo miki kanumfari."